Dillalin Da Ke Cin La'ada Ba Ya Ɗaukar Lamuni

A azumin da ya wuce, kullum in an sauko daga asham, kawuna yakan zo zaurenmu ya zauna a kan buzunsa, in kunna masa tafsiri a waya. Idonsa ya yi rauni, ƙafar ma ba ta kai shi masallacin da ake karatu kamar da, saboda haka wayar nan ita ta zame masa majalisi. Jikoki sukan kewaye shi, wasu don karatun, wasu don ragowar kunun da yake ajiye musu. Wani dare malam yana tsakiyar bayani a kan haƙƙin maraya, sai muryarsa ta yanke. Kiɗa ya ɓarke, wani saurayi ya fito yana ihu da Turanci, wai a zuba ɗari biyu a wasan ƙwallo a kwashi dubbai. Kafin in lalubo inda ake dannawa a tsallake, ta biyu ta biyo baya: mace cikin shigar da ba zan iya siffantawa a jarida ba, tana riƙe da kwalbar magani. Yaran suka yi tsit. Kawu ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan nan, mi ya kawo wanga abu cikin karatu?" Na ce, "Kawu, talla ce." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To wa ya kira su?"

Kunya ta hana ni amsa masa a daren. Washegari da na yi wa wani abokin aikina a makaranta zancen, sai ya ce ai abin da sauƙi, in biya kuɗin wata kawai a ɗauke mini tallar baki ɗaya. Na biya, kuma Kawu ya ƙarasa azuminsa ba wanda ya sake katse masa karatu. Amma tun ranar nan raina bai kwanta da wannan ciniki ba, kuma dalilin rashin kwanciyar shi nake son in shimfiɗa a nan.

Kada a fahimce ni a baibai. Mu mutanen Illela ba maƙiyan talla ba ne, da ita muka buɗe ido. Duk wanda ya taɓa wayar gari a nan ranar Lahadi ya san abin da nake faɗi. Tun da sassafe motoci ke kwararowa daga Sakkwato da Gada da Gwadabawa, mutanen Ƙonni da na Tawa suna tsallakowa, kara ta cika da shanu da raƙuma da tumaki. Mai fura da nono tana kiran nata, mai maganin gargajiya ya ɗaura lasifika a kan mota yana lissafa cututtuka, 'yan canji sun baje damman naira da sefa, ɗan kamasho na rantsuwa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Duk wannan talla ce, kuma in aka ɗauke ta kasuwa ta mutu. Tallar waya ma ta yi mana rana. Lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ba a buɗe tamu ba sai Disamba na 2020, tare da ta Seme da ta Maigatari da ta Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 aka sake datse ta har Maris na 2024. Ƙanwata tana haɗa turaren wuta da humra, kuma kusan dukkan masu sayenta matan Ƙonni ne. Da hanya ta toshe, hoton kwalabenta da take ɗorawa a waya, da 'yar tallar da ta biya kuɗi kaɗan aka yaɗa mata, su suka samo mata sababbin masu saye a cikin garin Sakkwato. Da wannan ta riƙe 'ya'yanta. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai fito ya ce a kashe tallar intanet ba.

Sai dai tallar waya ta bambanta da wadda muka sani ta fuska biyu, kuma duka biyun a kan talaka suke sauka.

Ta farko ita ce kuɗin mota. A kasuwa, mai talla ita ke ɗauko farantinta a ka ta tako har inda kake, in ba ka so ka ce Allah ya ba da kasuwa, ta wuce, ba ka rasa ko sisi ba. A rediyo, mai kaya ya biya gidan Rima, kai abin da ka kashe bai wuce batir ba. A waya kuwa, tallar da ba ka kira ba da datarka take saukowa. Kai ne ke biya mata kuɗin mota ta zo ta same ka. Wanda ke zaune a ofis a Abuja da intanet marar iyaka ba zai ji zafin wannan ba. Amma ɗan kabu-kabun da ya sayi datar ɗari biyar yana lallaɓa ta ta kai shi Juma'a, shi yana ji a jikinsa. Abin ya ƙara tsanani tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Mu na bakin iyaka ga ƙarin wahala: sabis yau akwai gobe babu, da yawanmu muna yawo da layi biyu, na Najeriya da na Nijar, muna neman wanda zai kama. Mutum ya hau kan katanga ya samu sanda biyu da ƙyar, don ya ji saƙon ɗansa da ke Agadas ko ya duba labarin abin da ya faru a Sabon Birni, sai a fara cinye masa daƙiƙa talatin da tallar abin da bai tambaya ba.

Ta biyu ita ta fi damuna, kuma sai na koma kara kafin in iya bayyana ta.

A kararmu baƙo ba ya shigowa da sa ya sayar kai tsaye. Sai ta hannun dillali. Dillalin nan ba don iya baki kawai yake cin la'ada ba. Yana ci ne don ya san mai dabbar, ko ya san wanda ya sauke shi, ya san rugar da ta fito. In aka yi ciniki aka watse, bayan kwana uku wani ya zo ya ce sansa ne aka sace, ba mai saye ake kamawa a bari ba, dillali ake nema. Shugabannin kara su kira shi, ya fito da wanda ya kawo dabbar ko ya biya daga aljihunsa, kuma in abin ya maimaitu ya bar sana'ar ke nan, don ba wanda zai sake miƙa masa igiya. La'ada da lamuni tare suke tafiya. A shekarun nan na satar shanu abin ya ƙara tsauri, har ta kai a watan Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, saboda zargin ta nan ɓarayin daji ke sayar da abin da suka sato. Masu gaskiya sun sha wuya a lokacin, na san gidajen da tukunya ta daina hawa murhu. Amma hujjar hukuma ita ce kasuwar da ta zama mashigar kayan sata ba za a zuba mata ido ba.

To manyan kamfanonin intanet dillalai ne, ba wani abu ba. Duk sanda ka buɗe shafi ko ka kunna bidiyo, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjo a kanka: ga mutum a yankin Sakkwato, namiji, mai shekara kaza, yana yawan kallon ƙwallo, jiya ya nemi bayanin rance, wa zai saya? Wanda ya fi tayi shi ake nuna maka. La'adar da ake ci a wannan gwanjo ba ƙarama ba ce. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da dala biliyan 160 daga talla kaɗai a shekarar 2024. YouTube ya samu sama da dala biliyan 36 a wannan shekarar. Ba na hassadar kowa da arzikinsa. Tambayata ita ce: ina lamunin?

Akwai maƙwabcina, matashi mai ƙoƙari, da kabu-kabu yake ciyar da mahaifiyarsa. Wata rana ya zo mini da fara'a ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Fuskar Alhaji Aliko Dangote ce, bakin yana motsi, muryar ma kamar tasa, wai ya buɗe wani shiri na taimakon talakawa, ka zuba kaɗan a ninka maka cikin mako biyu. Na ce masa, "Ƙanena, wannan haɗi ne na kwamfuta, Alhaji bai san da zancen ba." Ya sunkuyar da kai. Ashe ya riga ya sayar da tumaki biyun da yake kiwo don Sallah ya tura kuɗin tun shekaranjiya. Abin da ya ce mini har yanzu yana min ciwo: "Yaya, ai na ga an rubuta tallar biya ce. Na ɗauka ba za su karɓi kuɗin ɓarawo su nuna mini ba." Tunanin ɗan kasuwa ya yi, tunanin wanda ya tashi yana ganin dillali na tsaya wa kayan da ya kawo. Bai yi wauta ba. Amanar da ya saba da ita ce aka yi amfani da ita aka yanke shi. Kuma da kuɗin suka tafi, babu ofishin da zai je, babu lambar da zai kira a amsa masa da Hausa, babu sarkin karar da zai kai wa ƙara.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Mun ga MMM da ta daskare da kuɗin mutane a Disamba na 2016. Mun ga CBEX da ta rushe a Afrilu na 2025, mutane na kuka a gaban ofisoshinta. Mun ga manhajojin rance da ke tura wa dangin mutum da abokansa saƙon cin mutunci in ya makara da biya, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai musu samame a Legas a 2022. Duk ta waya suka shigo gidajen mutane. A watan Nuwamba na 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wasu takardun cikin gida na Meta sun ƙiyasta kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin a 2024, wato wajen dala biliyan 16, daga tallar zamba da ta haramtattun kaya yake fitowa. Kamfanin ya mayar da martani cewa ƙiyasin na sama-sama ne, ya haɗa har da tallace-tallacen da ba su da laifi, kuma yana yaƙi da 'yan damfara. Na ji, na kuma rubuta don adalci. Amma ko a ce rabin haka ne, ko rubu'i, wane dillali ne a Illela zai ci gaba da zama a rumfarsa in aka gano cikin dabbobin da ya sayar akwai na sata masu yawa haka?

A nan ne zancen biya don a cire talla ya zo, kuma a nan nake da ja. YouTube na da tsarin biya, wanda a Najeriya aka ɗaga kuɗinsa daga naira 1,100 zuwa 1,700 a wata a shekarar 2025. Meta ya fito da nasa a Turai a Nuwamba na 2023, yuro 9.99 a wata a kwamfuta, 12.99 a waya, daga baya ya rage. Ga wanda ke da hali, ba laifi ya biya, ni ma na biya, kuma ba na ganin haramci a ce wanda ba ya son talla ya sayi zaman lafiyarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya rage wa wanda bai biya ba. Naira 1,700 a wata ta haura dubu ashirin a shekara, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70, kuma mafi yawan mutanen garinmu ba su ma da albashin. Su wa za su biya? Ma'aikacin banki, babban ɗan kasuwa, malamin jami'a, wato waɗanda dama sun iya Turanci, sun san bidiyon haɗi in sun gani, ba sa faɗawa tarkon. Su wa za a bari? Kawu, da maƙwabcina, da matar aure a cikin gida da ba ta karanta boko, da yaro ɗan shekara goma sha uku da ya ari wayar yayansa. An kwashe masu ƙarfi an kai su inuwa, an bar raunana a rana tare da mai caca da mai damfara da mai maganin batsa. Kuma da zarar masu faɗa-a-ji sun daina ganin ƙazantar, sun daina ƙorafi ke nan, domin abin da ido bai gani ba zuciya ba ta ƙyamarsa. Ɗan majalisar da ya biya ba zai taɓa ganin abin da jikokin Kawu suka gani ba.

A ce dillali ya zo maka ya ce, ba ni dubu biyu duk wata, ni kuma ba zan kawo maka dabbar sata ba. Wanda bai biya ba fa? Rashin cuta ba alfarma ba ce da ake saya. Mutum na iya biya don a rage masa hayaniya, wannan ciniki ne. Amma kada a yaudare shi, kada a nuna wa 'ya'yansa tsiraici, kada a tallata masa guba da sunan magani, wannan haƙƙinsa ne ko da ko kwabo bai ba da ba.

Wani zai ce ai mutanenmu son banza ne da su, ba sa biyan komai a intanet, shi ya sa ake cusa musu talla. Wannan magana ban yarda da ita ba, kuma shedata tana bakin tasha. Ƙanena yana da shagon caji da turi a can. Tun safe har dare mutane ke miƙa masa katin waya: a tura mini sabon zango na Labarina, a tura mini Izzar So, a tura mini wa'azin malam wane, a sa wa tsohuwa karatun Alƙur'ani. Su biya hamsin, su biya ɗari, su tafi ƙauye su kalla ba data, ba talla, ba yankewar sabis. Ranar Lahadi har layi ake yi, da mutanen ƙauyukanmu da na tsallaken iyaka. Me ake kiran wannan in ba biya don a kauce wa talla ba? Talaka ya daɗe yana biya. Abin da ya ƙi shi ne tsarin da ba a yanka don jikinsa ba: katin banki, cire kuɗi duk wata ko ka kalla ko ba ka kalla ba, bayani da Turanci. Aibin turi, kuma ina faɗa ko da sana'ar ɗan'uwana ce, shi ne kuɗin ba ya kaiwa ga wanda ya yi wahalar. Mai shirya fim a Kano ya kashe miliyoyi, marubuci ya yi rashin barci, amma hamsin ɗin nan a bakin tasha take tsayawa.

Wannan ya kawo ni ga namu laifin, mu masu karatu da saurare. Jaridar Hausa ta farko da ta yi suna, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu na 1939 Abubakar Imam yana editanta, farashinta na cikin sunanta: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kakanninmu sun ciro kwabo a lokacin da kwabo yake kuɗi, sun saya, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a dandali. Mu kuma muka tashi da labarai kyauta. BBC Hausa tun 1957, sannan Muryar Jamus, Muryar Amurka, daga baya RFI. Mun saba har muka manta cewa wani ne ke biya, wato masu biyan haraji na wasu ƙasashe. A Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da aikin Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru, ba wanda ya nemi shawararmu. A tsallaken iyaka, mahukuntan Yamai sun dakatar da RFI a Agusta na 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Abin da ba kai ke ciyar da shi ba, ranar da mai shi ya ga dama zai ɗauke.

Su kuma namu na gida, jaridun Hausa na intanet da masu tashoshin bidiyo, da me za su rayu? YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, bayan ya tara mabiya dubu da awa dubu huɗu na kallo. Amma gwanjon nan da na ambata ba ya yi wa idanu kuɗi ɗaya. Mai kallo daga Landan ko Jidda ya fi mai kallo daga Illela tsada nesa ba kusa ba, domin masu talla sun san aljihunsa. Don haka ɗan jaridar Hausa sai ya tara jama'a ninkin-ba-ninkin kafin ya samu abin da takwaransa na Turanci ke samu. Daga nan ake samun shafin da talla ta rufe labari sama da ƙasa, da kanun da ke cewa abin da ya faru zai ba ka mamaki, ka shiga ka tarar ba komai, da yayata rigimar 'yan fim a bar zancen takin zamani da farashin albasa. Yunwa ce ke jawo da yawa daga ciki, na sani. Amma yunwa ba ta zama uzurin karɓar kowace talla ba. Mai shafi yana da ikon toshe rukunin tallar caca da makamantanta a shafinsa. Mai tasha yana da ikon hana a yanka masa dogon bidiyo da talla a tsakiya. Da yawa ba su sani ba, wasu sun sani sun kau da kai don kuɗin ya fi kauri ta nan.

Abin da a da ya rage mana mai tsabta shi ne WhatsApp, inda wanda bai iya rubutu ba yake danna ya yi magana, inda dillalan albasa ke jin farashin Galmi da na Aliero kafin mota ta tashi. A farkonsa dala ɗaya yake karɓa a shekara, ba talla. Facebook ya saye shi a 2014, aka soke kuɗin a 2016, sannan a watan Yuni na 2025 aka ba da sanarwar za a fara sa talla a sashen da ake ɗora hotunan yini. Sun ce ba za ta shiga hirar mutane ba. To, amma wurin da ƙanwata ke ɗora turarenta, nan ne mai damfara zai zo ya tsaya kusa da ita in ba a tace ba, kuma mai saye ba zai bambance su ba.

Hukuma ba ta rasa ƙarfi ba, in ta so. Turawa ba roƙo suka yi ba, doka suka kafa, kuma a Afrilu na 2025 Tarayyar Turai ta ci Meta tarar yuro miliyan 200, tana cewa zaɓin ko ka biya ko ka yarda a bi diddiginka ba zaɓi ne na adalci ba. Mu ma a nan FCCPC ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 a Yuli na 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a Afrilu na 2025. Muna da dokar kare bayanai ta 2023. Muna da ARCON, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa tantance talla kafin a fitar da ita. Muna da NAFDAC, wadda sai da izininta ake tallar magani, har da na gargajiya. Kuma tun Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta ce sha'anin caca na jihohi ne ba na tarayya ba, wanda ke nufin majalisar dokokin Sakkwato na da ta cewa a kan tallar cacar da ake turo wa 'ya'yanmu. Kayan aiki duk suna nan. Abin da babu shi ne kunnen da ke jin Hausa. Tallar da aka yi da harshenmu, wadda ke cewa maganin nan na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa lokaci guda, wa ke sauraronta a Legas, balle a Amurka?

Ga abin da nake roƙo. Hukumomin nan su tilasta wa duk kamfanin da ke cin la'ada a kan idanun 'yan Najeriya ya san wanda ya ba shi talla, da sunansa da rajistarsa, kamar yadda dillalin kara ke sanin mai sa. In tallar kuɗi ce, a nuna lasisin hukumar da ke kula da zuba jari. In ta magani ce, a nuna lambar NAFDAC. In an cuci mutum ta hanyar tallar da aka biya kuɗi aka yaɗa, kamfanin da ya karɓi kuɗin ya shiga cikin masu amsa tambaya. A buɗe lambar da mutum zai kira ko ya tura saƙon murya da Hausa ya kai ƙara, a kuma ɗauki 'ya'yanmu masu jin harshen aikin tacewa. Masu fim da masu jarida kuma su dubi shagon turi su ɗauki darasi: a yanka farashi daidai aljihun mai hamsin da mai ɗari, a biya na yini ko na zango ɗaya, ta katin waya ko ta mai POS na unguwa, a jawo masu turin su zama wakilai a raba riba da su maimakon a riƙa farautarsu. 'Yan kasuwarmu na Illela masu manyan shaguna da motoci, ku kai tallarku kai tsaye ga gidajen rediyo da jaridun Hausa, kuɗin ya zauna a gida. Mu masu ɗan hali kuma, in jaridar da muke karantawa kullum ta nemi gudummawa, mu ba da.

Sai malamanmu masu ɗora tafsiri da wa'azi a intanet, da ɗaliban da ke riƙe musu tashoshi. Allah ya gafarta Malam, mai yiwuwa ba ka taɓa kallon karatunka a wayar da ba a biya mata kuɗin cire talla ba. Ka karɓi wayar ɗaya daga cikin almajiranka ka kunna, ka ga abin da ke shiga tsakanin aya da aya. Wani azumin na tafe. Ku sa a duba tashoshin nan tun yanzu, a kashe tallar tsakiyar karatu, a toshe ta caca da ta batsa, domin a zauruka da yawa na garin nan tsofaffi da jikokinsu ne ke zaune gaban waya ɗaya, kuma ba su da dubu ɗaya da ɗari bakwai.